Daren Gwangwanaye

Babana Wendelin ya bar mini gangare ɗaya,
ganguna tara a ɗakin ƙasa,
da gwiwoyi masu ƙara in zan hau tudu.
Bai bar mini rana ba.
A nan bakin kogin Saar rana baƙuwa ce,
takan leƙo, ta gaishe mu daga tsaye,
ta ce sauri take yi.

Shi ya sa inabinmu ba ya yin baƙi.
Kore ne shar, mai haske kamar idon kyanwa,
yana nuna a hankali
kamar mai biyan bashi ba da son ransa ba.

Ƙarshen Afrilu toho ya fito,
ƙanana, kunnen ɓera ya fi su girma.
Ƙarfe biyun dare Ottmar ya buga ƙofata,
ko hula bai tsaya sawa ba:
"Gundula, sama ta washe, ko gajimare ɗaya babu.
Sanyin da ke kisa ya taho."

Muka fita da gwangwanaye ɗari uku cike da kaki,
ni da shi da jikarsa Liesel mai shekara goma sha ɗaya,
muna rarrafe tsakanin layuka
a kan fallen duwatsu masu zamewa.
Ashana tana mutuwa a hannuna.
Yatsuna sun daina jin maganata.
Liesel na ƙirga wutar da ta kama da ƙarfi,
ta kai tamanin da bakwai, ta manta, ta koma farko.

Daga ƙetaren kogi, in ji matar mai gasa burodi,
sai ka ce taurari ne suka zube a gonata
ana tsince su.
Mu da ke ciki hayaƙi kawai muka gani,
da majina, da tari.

Sanyi ruwa ne, gangara yake yi.
Da gari ya waye, layukan ƙasa sun yi baƙi,
tohon ya lanƙwashe kamar an tsoma shi a tafasasshen ruwa.
Na sama sun tsira.
Ottmar ya zauna a kan dutse, ya duba tafinsa da ya ƙone,
ya ce, "To, da babu gara ba daɗi."
Ban amsa ba. Ina lissafin banki.

Sai Nuwamba muka yanka,
hazon kogi har ƙugu, almakashi na cizon yatsa.
Ganguna huɗu suka cika.
Biyar suka kwana da yunwa,
in ka ƙwanƙwasa su sai su amsa maka da muryar rijiya.

Duk tsawon hunturu nakan sauka da fitila
in kara kunnena a jikin itace
in ji ruwan yana gunaguni shi kaɗai,
kamar babana in yana gyaran keken shanu.

Yau wani mai saye ya zo daga birni, takalminsa fes.
Ya ɗaga kofi wajen taga,
farar giyar ta yi launin bambaro da safe.
Ya shinshina, ya lumshe ido.
"Ɗanyar tuffa," ya ce. "Ɓawon lemun tsami.
Dutse bayan ruwan sama.
Da wani abu can ƙasa, kamar ƙyastu, kamar hayaƙi.
Daga ƙasar ne?"

Na dubi Ottmar, yana bakin ƙofa
yana murza tabon da ke tafinsa.
"Daga ƙasar ne," na ce.

Ya sayi kwalba sittin, ya nemi ragi, na hana.
Da motarsa ta sha kwana
Liesel ta ɗauko alƙalami, ta zauna kan gangar da babu komai,
tana rubuta shekara a takardun da suka rage,
tana tambayata ko bana ma za mu kunna wuta.